Wasiƙar da Na Rubuta a Kan Mai Tattabaru

Shugabar wannan taro, Uwargida Maureen Tindall, mai girma magajin gari da kansilolinsa, dattawan ƙungiyar masu kallon fim, maƙwabta maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar ban girma.

Ina godiya da kuka ce ni, Desmond Arkle, tsohon mai raba muku wasiƙu, in yi magana a bikin cikar shekara sittin na fim ɗin leƙen asirin da aka ɗauka a bakin tekun garin nan. Kun zaɓe ni ne don na kalle shi ya fi sau ashirin. Sai dai ku yi haƙuri, ba yabo kaɗai na zo da shi ba. A layi na uku ga Halina Wolak can zaune, wadda ke kula da ni tun rasuwar matata, kuma ina tsoron daga yau ba za ta sake taka ƙofata ba.

Na farko, alherin fim ɗin. Ya sa duniya ta san garinmu, ya sa baƙi har gobe suna zuwa ɗaukar hoto a kan bencin da ɗan leƙen asirin ya zauna. Mu samari kuwa, ya sa mun ɗaga wuyan kwat, mun rage magana, muna tafe muna waiwaye. Mahaifiyata takan ce, "Kai Des, sauke wuyan rigar nan, ko kare ba ya bin ka!"

Na biyu, kuma nan ne da ciwo, ya koya mana zargi. Ya koya mana mai fara'a munafuki ne, mai shiru maƙiyi ne, baƙo kuwa ba a magana.

Mahaifin Halina, Mista Zygmunt, mutumin Poland ne, mai gyaran rediyo a titin coci. Wasiƙunsa masu baƙon kan sarki ta hannuna suke bi, kuma yana da tattabarun tsere guda talatin. Kullum da safe sai ya tare ni: "Ɗan samari, shigo ka sha shayi, kada sanyin nan ya busar da kai." In sha shayinsa, idona na kan wayoyin rediyonsa. Rediyo, wasiƙu, tattabaru: na ce ai shi ke nan, na kama ɗan leƙen asiri. Na rubuta wa 'yan sanda takarda ba suna.

Ranar kasuwa suka zo, gari na kallo. Suka birkice shago, suka duba zoben ƙafar kowace tattabara ko an ɓoye saƙo, ba su sami komai ba sai wasiƙun ƙanwarsa tana tambayar lafiyarsa. Suka ba shi haƙuri suka tafi, amma gari bai ba shi haƙuri ba. Ƙungiyar masu tattabaru ta kore shi, masu kawo gyara suka ɗauke ƙafa. Ya rabar da tattabarun kyauta, suka yi ta komowa gida, don tattabara ba ta san an sallame ta ba. Ƙarshe da hannunsa ya yanka su.

Kuma jama'a, bai daina ba ni shayi ba. Ya ce mini, "Des, kai kaɗai ka rage mini a garin nan." Na ce, "Haba, ba komai." Kaico! Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sani ba. A fim, wanda ya yi kuskure yakan juya baya a kunna fitilu, kowa ya tafi gida. Ni shekara sittin ke nan ba a kunna mini ba. Da na sani ƙeya ce, a baya take.

Halina, kin sha tambayata wane marar imani ne ya yi wa babanki wannan, ni kuma in girgiza kai. To, ni ne. Ban isa in ce ki yafe ba. Idan gobe kika wuce ni ba gaisuwa, kin yi daidai.

Allah Ya ji ƙan Mista Zygmunt, Ya tsare 'ya'yanku daga zaton da ba hujja, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.