Bugun Malam Yusha'u

Jawabin Alhaji Badamasi Kwanyawa a taron tunawa da marigayi Malam Yusha'u, shugaban masu bugun dawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Allah ya ja zamanin Dagaci. Allah ya gafarta Malam Liman. Masu unguwanni, dattawan Kwanyawa, baƙinmu na Yammedi da waɗanda suka taso tun daga Ruwan Bago, sannunku da zuwa. Iyayenmu mata da ke jina ta lasifika daga cikin gida, musamman uwargidan marigayi, Yaya Safiyatu, ya ƙarin haƙuri? Lukumanu, kai da ƙannenka, Allah ya ba ku dangana.

Da aka ce ni zan yi magana, sai da na ce a sake shawara. Kowa a nan ya san ni na fara kawo injin bugun dawa garin nan. Lukumanu ya ce ai mahaifinsa ne da bakinsa ya ambaci sunana. To, ga shi har bayan ransa Malam Yusha'u bai daina sa ni aikin da ba na so ba.

Ya kasance shugaban masu bugun dawa fiye da shekara talatin. Ya kasance in kaka ta yi, magidanta talatin ne ke bin sa da sandunansu daga wannan masussuka zuwa waccan, mu manoma muna layi a ƙofar gidansa. Ya kasance ba ya yanka kuɗin aiki sai ya ji yadda tiyar dawa ta kwana a kasuwar Karaye. Yakan ce, "Alhaji, wunin mutum ya ciyar da gidansa har a sami na cefane. In bai kai haka ba, wahala kawai ka saya."

Yaran yanzu ba su san abin da muke kira bugun Yusha'u ba, bari in faɗa musu. Ba ya barin mutanensa su buge zangarniya ƙarƙaf. In an kusa gamawa sai ya ɗaga sanda ya ce, "Ya isa, a bar wa mata." Ƙwayar da ta maƙale, matan da mazansu suka rasu ne ke zuwa su sake sussukawa su sheƙe. Akwai Barira ta bayan masallaci, da wannan ragowar take kai marayunta huɗu har bazara. Kuma ba a ɓoye yake yi ba, tun wurin ciniki zai gaya maka, in ba ka yarda ba ka nemi wasu.

Ni dai abin yana ƙona mini rai, ba zan yi ƙarya a gaban Liman ba. Ranar da mai sayar da inji a Kano ya ce mini, "Wannan ko ƙwaya ɗaya ba ya bari," wallahi wannan maganar ce ta sa na saya. Kuma bai yi ƙarya ba. Aikin da mutum talatin ke yi a kwana uku, mutum huɗu suka koma gamawa kafin la'asar. Kada kowa ya sunkuyar da kai yanzu, jama'a. Ni na saya, amma dukkanmu muka yi amfani da shi, mun yi murna, har muna cewa garinmu ya ci gaba.

Shekara ta zagayo, Malam Yusha'u ya zo zaurena ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa tabarma. Ya ce, "Alhaji, abin da kake ba mutum huɗun nan ba ya sayen tiya ɗaya da rabi. Ka duba." Na ce, "Malam, in sun ƙi, ga mutum ashirin can a bakin ƙofa suna jira." Sai ya ce, "Haka ne." Washegari da na fito, yana cikin masu jiran.

Na ɗauke shi, a zatona alheri na yi. Dattijo mai shekara sittin da biyar yana ɗura dawa a bakin inji, ƙaiƙayi yana shiga masa ƙirji, kaka uku a jere. Tarin da ya kwantar da shi, Yaya Safiyatu, kin san inda ya samo shi, ni ma na sani. Ba ki taɓa faɗa mini ba, kuma shirunki ya fi zagi yi mini ciwo.

Da jiki ya yi tsanani na je neman gafara. Ya kama hannuna ya ce, "Nawa na yafe, duniya da lahira. Amma ba ni kaɗai ba ne, Alhaji. Ka je wurin Barira, ka je wurin yarana masu bugu."

Na yi ta cewa gobe. Sai bayan sadakar bakwai na tafi. Na tarar da gidan Barira a garƙame, ciyawa ta cinye tsakar gida. Maƙwabta suka ce ta tafi Kano wanke-wanke tun bara, ba wanda ya san unguwar. Cikin magidanta talatin ɗin, tara na samu a gari. Sauran suna Legas, suna Abuja, wasu acaɓa, wasu turin ruwa, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Taran sun ce sun yafe, amma ina kallonsu, kunyar idona suka ji, domin har yau a hannuna suke neman aiki.

Lukumanu, mahaifinku bai bar muku gona ba, amma ba wanda zai tare ku a hanya ya ce ya ci haƙƙinsa. Ni ba ni da irin wannan gadon da zan bar wa 'ya'yana.

Mun gode wa duk wanda ya taka ƙafarsa ya zo. Allah ya jiƙan Malam Yusha'u, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya raya abin da ya bari. Allah ya gafarta Malam, kafin ka shafa Fatiha ina da roƙo ɗaya ga jama'a. Duk wanda ya san inda Barira take, don girman Allah ya same ni bayan an tashi.