Turmin da Aka Dawo da Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe Dagaci, malam Liman, babban baƙonmu da ya zo daga ofishin ilimi, shugaban makaranta da malamansa, iyaye maza da iyaye mata na Achika, barkanmu da ganin wannan rana. Na gode da aka ba ni dama, na kuma gode da kujerar da aka ajiye mini. In kun ga na dafa ta, ku yi haƙuri, gwiwa ce.

Shekaru da dama da suka wuce na ji wata magana a kasuwar Wudil, wai duk malamin ƙauyen da ya iya na'ura, ƙauye ya yi ban kwana da shi. Na ce zancen rumfa ne. Lokacin ina shugaban wannan makaranta, arzikin mai na farko yana tashe, aka aiko mana da majigi. Malam Gidaɗo ya koyi kunna shi. Bayan wata huɗu aka kira shi birni, majigi ya zauna a ofishina har gara ta cinye akwatinsa. Duk da haka na ce rabon Gidaɗo ne.

To, ga shi mai ya sake daraja, an sake tunawa da mu, an kawo kwamfuta biyu. Maganata uku ce.

Ta farko, abin da Malam Sabo, malamin makarantar nan, ya gano. Yaranmu da allo suke farawa, idonsu ya saba kama karatu daga dama. A littafin aji biyu akwai hotuna huɗu a jere: iri, tsiro, kara, zangarniya. Da aka tambaye su, sai suka ce dawa da zangarniya take farawa, ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma cikin ƙasa. 'Ya'yan manoma fa, waɗanda suka yi shuka da hannunsu. Wani mai duba makarantu ya rubuta cewa ba su da kai. Sabo ya same ni a zaure ya ce, "Baba, kansu lafiya lau. Takarda suke girmamawa, sun ɗauka ta fi su sanin dawa."

Ta biyu, wahalar da ya sha. Mutum mai furfura a gemu, kowace Asabar ya hau babur zuwa Wudil koyon kwamfuta, ya zauna a shagon Saudatu mai tsara katin biki, wadda shi ya koya mata baƙi da wasali. Ita ta ba ni labari. Ta ce masa, "Malam, a hankali, kana danna abin nan kamar mai kashe kunama." Ya ce, "Ke ma haka kika riƙe mini alli, ban kore ki ba." Damina guda yana wannan zirga-zirga. Da hannunsa ya faɗa, sai ya jera hotunan daga ƙasa zuwa sama, yadda dawa take yi a gona. Daga baya ya mayar da su jere, ya zana sawun akuya yana tafiya daga hagu zuwa dama. Yara suka bi sawun. Ga takardun can a bango, kowa ya duba. Bana babu yaron da ya mayar da dawa cikin ƙasa.

Ta uku, ranka ya daɗe baƙonmu, kai nake wa. Ana cewa za a mayar da Sabo ofis, ya riƙa tsara kalanda da takardun gayyata. Mai shayi ya faɗa mini, na ce zancen shayi ne. Direba ya faɗa mini, na ce zancen hanya ne. Na gaji da ƙaryata abin da yake zuwa ya tabbata. Ba ma hana kowa ci gaba. Amma ofis yana da masu lantarki da masu digiri, mu kuwa Sabo ɗaya gare mu. Ku bar mana shi, ku bar mana shi ko da har ya koya wa mutum biyu. In ba haka ba, ku haɗa da kwamfutocin, don na riga na yi gadin akwati sau ɗaya.

Allah Ya raya mana yaran nan, Ya ba malamansu lada, Ya ba shugabanni ikon sauraro, Ya mayar da kowa gida lafiya.

Wadda ta faɗa mini maganar a ƙarshe kuwa, Murja ce, matar Sabo. Da turmi ta faɗa mini. Jiya da hantsi ta dawo da turmin da ta ara a gidana shekara shida da suka wuce, a wanke, kamar mai shirin ƙaura. Turmin yana zaure, ban bari an shigar da shi ba. Ranka ya daɗe, kai za ka faɗa mana gidan da za a kai shi.

Na gode.