Mashayar Mutanenka

A tashar Tambuwal muna jiran motar Kebbe ta cika, rediyon direba na tafsirin Bani Isra'ila. Wani mai sabon rawani ya dubi tsohuwar da ke gefensa.

"Kin ji ko, Inna? Ƙabila goma sha biyu, kowace da shugabanta. Sarauta daga Allah take!"

"Haba, Alhaji! Rawani kaɗai ka ji? Malam cewa ya yi alkawari anka ɗora musu, kowa shi lamunci mutanenai gaban Allah."

"To, ai haka muke."

"Haka kuke? Da Annabi Musa ya bugi dutse, kowace ƙabila ta san mashayarta. Kai mutanenka ina suka shan ruwa da rani?"

"Kai, tsohuwar nan da fitina! Ina zan sani? Ni ruwan leda nika sha."