Allurar Mai da Ba Ta Sauka

A rumfar mai gyaran wayar mota na ji wani matashi yana tambayar tsohon direban da ke gefensa.

"Baba, me ya sami bas ɗinka?"

"Allurar mai. Wayar tanki ta goge tana taɓa ƙarfe, kullum allurar cewa take tanki cike yake. Ni da sanda nake aunawa."

"To me ya kawo gyara yau?"

"Idona ya raunana, ɗana zai karɓi motar. Ku 'yan yanzu, abin da allura ta faɗa shi ne gaskiya. Shekaranjiya na ba shi ita, da fasinja mai ya ƙare masa a daji."

"In ta ƙi gyaruwa fa?"

"A yanke wayar, allura ta kwanta ƙasa. Gara tsoro ya riƙa kai shi gidan mai, ya dawo mini gida."