Jar Kula a Tashar Daura

A tashar motar Daura, mutane sun yi cirko-cirko a bayan wata bas, suna leƙen rumfar fasinjoji da 'yan sanda suka kewaye. Obiageli, mai shagon kayan gyaran babur, tana tsaye tana haki, takalminta ɗaya a hannu. Sai wani dattijo da ake kira Sharu ya matso kusa da ita.

"Madam, ki gode wa Allah da ya kawo ni tashar nan. Ni na fara ganin abin, ni na yi ihun bam."

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Ni ruwa na je saye, na ga kowa na gudu, na bi. Yaya abin yake?"

"Wata kula ce ja, an ɗaure murfin da wayar lantarki. Na taɓa, na ji zafi rau."

Obiageli ta daina haki. "Hannunta ɗaya a karye?"

"Ashe kin gan ta."

"Baba, sakwarata ce da miyar agushi. Mijina zan kai wa asibiti a Katsina."

Sharu ya gyara hula, ya sassauta murya. "To, je ki faɗa musu mana."

"Mu je tare, ka ce kai ka yi ihun."

"Ni? Dubi mai ƙwai can, kiret uku aka tattake masa. Tun ɗazu yake cigiyar wanda ya fara."

"To in sun tambaye ni fa?"

"Ki ce wani dogo ne, 'yata. Ya hau motar Kano tuni."