Ina Malam Sanda?

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Habu, manomin shinkafa a nan Haɗejia.

Cigiyar Malam Garba nake yi, wanda ya koya mana labarin ƙasa a sakandare. Duk damina sai ya kwashe mu zuwa bakin kogi, ya kafa sanda a ruwa, ya ɗaura mata jan ƙyalle. Yakan ce, "Ranar da ruwa ya taɓa ƙyallen nan, kada ku tsaya shawara da kowa, ku kwashe iyalinku." Lokacin dariya muke yi masa, har muka laƙaba masa Malam Sanda.

Ni dai har yau ina kafa tawa. Bana ruwa ya taɓa ƙyallen, na kwashe yara da hatsi zuwa tudu, maƙwabta suna cewa na cika tsoro. Washegari ruwa ya shigo unguwarmu.

Malam kuwa tun da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu wajen Baturiya, ga tsufa, ga ciwon ƙafa. An ce ruwa ya ci garin. Na kira wayarsa har na gaji, a kashe take. Wallahi ko abinci ba ya shiga.

Don Allah masunta da masu kwalekwale, duk wanda ya gan shi ya sanar da gidan rediyon nan. Malam, idan kana ji, na bi maganarka, 'ya'yana suna nan lafiya. Kai ne ban san wanda ya fitar da kai ba.