Na ji kunyar ɗaukar ɗana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Ni ce Hajara daga Tudun Wada, Zariya.

A daminar bara na haifi ɗana na fari a asibiti. Washegari wata nas ta zo da ɗan ƙarfe mai kama da awartaki, ta tattaro fatar bayan hannunsa da ta ƙasan kafaɗarsa, ta matse a hankali ta auna. Na ce, "Sista, ai sikeli ya nuna lafiyarsa lau." Ta ce, "Tsawo ne da shi, ƙanwata, amma babu kitse a jikinsa. Sanyi zai shige shi da wuri. Ki manna shi a ƙirjinki, ki riƙa ba shi nono a kai a kai."

Da muka koma gida, 'yan barka suka cika ɗaki. Ɗan fari ne, yaya zan rungume shi a gaban manya? Yana kuka a kan gado, ni kuwa na kawar da kai, ba na ɗaukarsa sai in Inna, mahaifiyarmu, ta miƙo mini shi. Ana ta ruwa. A kwana na biyar jikinsa ya yi sanyi, Allah ya karɓi abinsa tun kafin suna.

Na san kwanansa ne ya ƙare. Amma ƙanwata Safiya ta shiga watan haihuwarta ta fari, kuma ɗakin Inna za ta zauna, ga shi Inna ba ta wasa da al'adar kunyar ɗan fari. Don Allah ku ba ni shawara: yaya zan gaya wa mahaifiyarmu ta bar yarinyar nan ta rungumi ɗanta a gaban kowa?